Yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na dizal ba tare da an ɓata musu launi ba

Ranar da na fara zuwa bikin jiragen dizal a layin dogon Severn Valley da ke Ingila, na dawo gida da hotuna cike da kati, ina ta murna. Da na buɗe su a kwamfuta sai gwiwata ta yi sanyi. Kan jirgin da na gani da idona kore ne mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, amma a hoton ya koma baƙi. Goshinsa mai ruwan ɗorawa kuwa ya kwaɗe, ya zama wani fari-fari marar fasali. Jirgin ya fito, lambarsa ta fito, amma abin da ya kai ni wurin bai fito ba.

Masu gyaran waɗannan kawunan jirgi, yawancinsu 'yan sa-kai ne, sukan kwashe shekaru suna kankare tsatsa da neman ainihin fentin da jirgin ya sanya a zamaninsa. A wurinsu launi shi ne takardar haihuwar jirgi, domin da shi ake gane shekarar da ake son nunawa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, daga wurin tsayuwa har zuwa gyaran hoto, manufarsa ɗaya ce: launin da ke jikin ƙarfen ya iso cikin hoton yadda yake.

Ka fara sanin rigar da jirgin ya sa

Kafin ka taɓa kyamara, ka zauna ka karanta tarihin kan jirgin da za ka je gani. A Birtaniya labarin ya faro ne daga shirin zamanantar da jiragen ƙasa na 1955, wanda ya kawo dizal a madadin jiragen kwal, har aka yi sallama da na kwal a watan Agustan 1968. Kawunan dizal na farko yawancinsu kore mai duhu aka yi musu, da tambarin zaki riƙe da ƙafar jirgi a gefe, kuma lambarsu tana farawa da harafin D. Daga 1962 aka fara shafa ɗan faci na ruwan ɗorawa a goshinsu, don ma'aikatan kan layi su riƙa hango su daga nesa, tunda dizal ba ya tahowa da tururi da huci irin na jirgin kwal. Daga baya facin ya mamaye fuskar gaba ɗaya. A 1965 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta koma amsa sunan British Rail, ta fito da shuɗin fenti da farin tambari mai kibiya biyu, ɗaya ta nufi hagu ɗaya dama. Daga 1973 kuma aka sauya lambobi zuwa sabon tsarin kwamfuta mai alƙaluma biyar.

Ga amfanin wannan a aikace. Ɗauki samfurin Deltic, wanda kamfanin English Electric ya ƙera guda 22 a 1961 da 1962 don jigila tsakanin Landan da Edinburgh. Shida ne suka tsira daga hannun masu yankan ƙarfe. Na farkonsu, Royal Scots Grey, a zamanin kore D9000 ne, a zamanin shuɗi kuma 55022. Jirgi ɗaya, lamba biyu, riga biyu. A rigarsa ta farko ma ba kore ɗaya ba ne: jikin mai duhu ne, can ƙasa akwai ɗamara mai launin tsanwa, sannan kewayen tagogin direba fari ne mai ruwan madara. Idan ba ka san da wannan ɗamarar ba, za ka tsaya a dandamalin tasha inda siminti ya rufe ta, ka dawo da rabin labari.

Samfurin Western kuma, wanda aka ƙera guda 74 a Swindon da Crewe, a kansa aka yi gwaje-gwajen launi. Na farko, D1000, kalar yashin hamada aka yi masa, D1015 ya samu wani ruwan zinare mai duhu, mafi yawansu kuma ja mai duhu irin na zoɓo. Kowanne da irin hasken da yake so. To ka rubuta a takarda: launuka nawa ne a jikin jirgin, ina tambari yake, ina farantin suna yake. Wannan takardar ita ce jerin hotunan da za ka nemo.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada ka ɗauki tsofaffin hotunan fim a matsayin alƙali. Kowane fim da nasa halin, wani yana ƙara ja, wani yana karkata zuwa shuɗi, ga kuma koɗewar shekaru. Suna da amfani wajen sanin inda layi da tambari suke, amma ba wajen tantance zurfin launi ba.

Rana da wuri

Layukan da ake adana tsofaffin jirage sukan ware wasu kwanaki na dizal zalla, su kuma gayyato kawuna daga wasu wurare. Severn Valley, mai tsawon mil 16 tsakanin Kidderminster da Bridgnorth, yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan. Akwai Great Central a Loughborough, wanda ke da layi biyu a jere kamar babban layin da, da East Lancashire a Bury. Sukan fitar da jadawalin da ke nuna wane kai ne zai ja wane jirgi da ƙarfe nawa. Ka same shi tun da wuri, ka ajiye shi kusa da taswira.

Abin da kake nema shi ne rana ta kasance a bayanka, ta ɗan karkata gefe, yadda za ta haska goshi da gefen jirgin lokaci guda. Layin Severn Valley kusan daga kudu zuwa arewa ya miƙe, don haka da hantsi ɓangaren gabas ne ke samun haske, da la'asar kuma na yamma. A Ingila rana ta kudu take bi, wato jirgin da ya nufo kudu shi ne fuskarsa ke cikin haske mafi yawan yini. Wanda ya nufi arewa kuwa sau da yawa goshinsa a inuwa yake, sai ka haƙura ko ka nemi kwana.

Tsakar rana ba lokacin fenti ba ne. Hasken yana dukan rufi, gefe ya yi duhu, ƙafafu da abin da ke ƙarƙashi su ɓace a inuwa. Amma kada ka ruɗu da hasken faɗuwar rana da masu hoto ke yabo. Yana da kyau ga fuskar amarya, amma shuɗin British Rail yakan koma wani kore-kore mai datti a cikinsa, farin tambari kuma ya zama ruwan goro. Ni a wurina, hantsi da la'asar sakaliya sun fi. Ranar da sama ta lulluɓe da siririn gajimare ma kada ka zauna a gida. Turawa suna ƙorafi da irin wannan yanayi, amma shi ne ya fi faɗin gaskiyar launi, domin babu ƙyalli babu inuwa mai kauri. Sai dai ka rage sararin sama a cikin hoton.

Inda aka yarda ka tsaya

Wannan ba zai ɗauke mu dogon lokaci ba, amma shi ne ba a wasa da shi. Hawa layin dogo ba da izini ba laifi ne a Birtaniya, tarar tana iya kaiwa fam 1,000. Ka tsaya a dandamali bayan layin da aka ja, ko kan gada, ko hanyar ƙafa ta jama'a. Wasu layukan adana suna ba da takardar izinin tsayuwa a gefen dogo bayan ka yi ɗan kwas na kiyaye haɗari, kuma sai da riga mai ruwan lemo. Kada ka harba fitilar kyamara a idon direba. Idan ka tarar da masu hoto sun yi sahu, ka bi bayansu ko ka shiga sahun, kada ka gifta ta gabansu. Na taɓa yin wannan kuskuren sau ɗaya, kallon da wani dattijo ya yi mini har yau ban manta ba.

Kayan aiki

Ba sai da kyamara mai tsada ba. Abin da ya zama dole shi ne wadda za ta iya ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta riga ta dafa shi ba. Wayoyi da yawa na yanzu suna yi idan ka shiga saitin ƙwararru. Sai kati mai ruwan toka na masu hoto, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ya fi komai amfani a wannan aiki. Sai matacin ƙyalli, gilashin nan da ake ɗaurawa a bakin kyamara a riƙa murzawa. Sai ƙafa uku idan za ka yi aikin dare ko na cikin rumfa.

Game da idon kyamara, ka guji mai faɗi sosai. Deltic ya kai kusan mita 21 a tsawo. Idan ka matsa kusa da shi da ido mai faɗi, hancin zai kumbura kamar tulu, bayan kuma ya tsuke ya zama tsinke. Tsakanin milimita 50 da 85 ne siffar take fitowa yadda ido ke ganinta. A waya, ka ja da baya ka danna 2x maimakon ka matsa.

Saita haske: nan ake faɗuwa

Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba baƙi ba, ba fari ba. Da zarar katon jiki mai duhun kore ya cika hoton, sai kyamarar ta ce duniya ta yi duhu, ta ƙara haske. Koren ya wanke, ruwan ɗorawan goshi ya ƙone. Idan kuma sararin sama ne ya fi yawa, sai ta rage, jirgin ya zama baƙin dutse. Abin da ya same ni ke nan a ranar farko, wasu hotunan ta wannan gefe, wasu ta wancan.

Maganin shi ne ka ƙwace ragamar daga hannunta. Minti biyar kafin jirgi ya iso, ka mayar da kyamara saitin hannu. Ka riƙe katin toka a cikin irin hasken da zai faɗa wa jirgin, ka auna a kansa. Idan ba ka da kati, koren ciyawar da rana ke haskawa yana kusa da shi. Ka ɗauki hoton katin guda ɗaya ka ajiye, zai yi maka aiki a gida.

Jirage a layukan adana yawanci ba sa wuce mil 25 a awa, kimanin kilomita 40. Saurin ƙiftawar kyamara na 1/500 na daƙiƙa ya isa ga jirgin da ke tahowa ta kusurwa. Idan ta gefe zai gifta ka, ko idan a babban layi ne inda wasu tsofaffin kawunan kan fita yawon musamman da cikakken gudu, ka kai 1/1000 ko sama. Ƙofar haske ka bar ta a f/8, domin goshi da gefe duk su fito tsaf. ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, shi za ka riƙa ɗagawa har lissafin ya daidaita. Gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da hoton da lambar jirgi ta shafe.

Bayan gwaji, kada ka yarda da abin da allon kyamara ya nuna maka a cikin rana. Ka buɗe jadawalin haske mai launi uku, ja da kore da shuɗi. Ruwan ɗorawa da ja mai duhu suna cika ɓangaren ja tun kafin jadawalin gama-gari ya nuna akwai matsala. Idan ka ga ja ya manne da bangon dama, ka rage haske da sulusin mataki ko biyu bisa uku. Inuwar koren za ka iya ɗago ta a gida, amma goshin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Daidaiton fari ma kada ka bar shi a otomatik, domin zai riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto, jirgi ɗaya ya fito da shuɗi iri uku. Ka kafe shi a ma'aunin launin haske na Kelvin (K), a wajen 5500K idan akwai rana, 6000 zuwa 6500 idan gajimare ne.

Matacin ƙyalli yana da nasa wayo. Sabon fenti madubi ne, yana kwaso sararin sama ya shimfiɗa a jikin jirgi, sai kore ya yi fari-fari. Murza matacin yana cire wannan, musamman idan rana tana gefenka. Amma yana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, kuma idan ka murza shi har ƙarshe fentin yakan mutu, ya zama kamar na allo. Ka bar ɗan sheƙi. Mutanen da suka goge jirgin nan da hannunsu suna son a ga ya sha guga.

Abu na ƙarshe a saiti: fitilar goshi mai ƙarfi tana ruɗa kyamara wajen kama hoto. Ka zaɓi wuri ɗaya a kan dogo inda kake son goshin ya kasance, ka saita gani a kansa tun kafin jirgin ya zo, sannan ka danna idan ya iso nan.

Kusurwa, da abin da ke bayan jirgi

Hoton da masu wannan harka suka fi ɗauka shi ne na kusurwa: goshi ya ci kamar sulusin jirgin a hoto, gefe ya ci sauran, taragu suna bin baya. Ka fara samun wannan, shi ne jari. Ka bar fili a gaban jirgin, kada hancinsa ya dunguri bakin hoto. Ka duba kada turken fitila ko sigina ya fito kamar ya tsiro daga rufinsa.

Sai hoton gefe sak, wanda shi ne ya fi nuna tsarin fenti, kuma masu ƙera ƙananan samfurin jirgi suna nemansa ruwa a jallo. Wannan yana son ka yi nisa, ka tsaya daidai tsakiyar jirgin, kyamara a miƙe ba karkace.

Daga nan ka matsa ga ƙananan abubuwa idan jirgin ya tsaya: farantin suna, farantin kamfanin da ya ƙera shi, tambari, da akwatin lambar tafiya da ke goshi. Akwatin nan mai gurbi huɗu an daina aiki da shi a farkon 1976. Alƙalamin farko yana nuna irin jirgin, 1 na nufin jirgin fasinja mai sauri.

Yanzu ka dubi abin da ke biye da shi. Kai mai koren fenti da lambar D ya dace da taragu masu ja mai duhu. Kai mai shuɗi ya dace da taragu masu shuɗi da toka. Ba kullum za ka samu yadda kake so ba, amma jadawalin nan da na ce ka nema zai nuna maka tafiyar da aka dace. Haka motocin zamani, da allunan talla, da mutane ɗauke da wayoyi: taki biyu zuwa hagu ko durƙusawa kan ɓoye su a bayan jirgin. Ni ba na goge su da kwamfuta. Fitilar zamani da aka ƙara wa jirgi don ya cika sharaɗin hawa babban layi, tana cikin tarihinsa na yau.

Hayaƙi kuwa, sai dai ka zaɓa. Samfurin Class 37, wanda aka ƙera guda 309 daga 1960 zuwa 1965, masoyansa suna ce masa tarakta saboda rurin injinsa, kuma idan ya tashi daga tasha yakan turnuƙe sama. Hayaƙi ya fi fitowa idan rana tana gabanka, launi kuma idan tana bayanka. Ba a samun biyun a hoto ɗaya. Ka ɗauki na launi a tafiyar safe, ka bar na hayaƙi zuwa yamma.

Cikin rumfa

A gidan tarihin jiragen ƙasa na York, ko rumfar Barrow Hill kusa da Chesterfield, jirgi ba ya gudu, amma hasken gauraye ne: na taga daban, na fitilun rufi daban. Nan katin toka yake biyan kuɗinsa. Ka ɗauke shi a kusa da goshi, ka sake ɗauka a tsakiyar jiki, domin hasken kan bambanta a tsawon jirgi ɗaya. Ka tambayi ma'aikata ko an yarda da ƙafa uku. Idan an hana, ka jingina da ginshiƙi, ka ɗaga ISO. Deltic na gwaji na 1955, mai shuɗi mai haske da ratsin ruwan madara, yana cikin kayan gidan tarihin nan na ƙasa, kuma shuɗinsa yana saurin juyewa a ƙarƙashin fitila.

Idan a gida Najeriya kake

Wanda ya tashi kusa da reluwe a Kano ko Zariya ko Kafanchan ba baƙo ba ne a wannan harka. Kawunan dizal guda goma da English Electric ya kawo Najeriya a 1955 daga masana'antar Vulcan Foundry suka fito, inda aka ƙera Deltic da yawancin Class 37. Tsofaffin kawunanmu masu kore da ruwan ɗorawa suna da matsalar haske iri ɗaya da wadda na bayyana. Bambancin shi ne ranarmu tana hawa tsakiyar ka da wuri, don haka lokacinka gajere ne, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Hazon hunturu yana tausasa haske amma yana zuba wa komai ruwan ƙasa, sai ka dogara da kati. Kuma kafin ka fito da kyamara a tasha ko Loko, wato wurin ajiye kawunan jirgi da gyara su, ka je ofis ka gaisa, ka nemi izini. Gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta, Legas, wuri ne mai kyau na fara sanin tarihin.

Gyara a gida

Ka buɗe hoton kati tukuna, ka danna masa alƙalamin daidaita fari, sannan ka kwafa saitin zuwa duk hotunan da aka ɗauka a cikin wannan hasken. Ka ɗago inuwa kaɗan har ƙafafun jirgi da tankin mai su fito. Ka miƙe hoton ta hanyar duba turaku da gine-gine, ba dogo ba, domin dogo yakan kwanta a kwana.

Madannin ƙara kaurin launi kuwa, ka ɗauke hannunka daga kansa. Shuɗin British Rail ba shuɗin bula ba ne, mai duhu ne da ɗan kore a cikinsa, kuma da ka ƙara masa wuta ya tashi daga na tarihi. Haka tace-tacen da manhajojin waya ke liƙawa. Idan kana shakka, ka rage hasken allonka zuwa rabi ka sake dubawa, domin allon waya yana ƙawata komai. Za ka tura intanet, ka fitar da hoton a tsarin launi na sRGB, in ba haka ba ja da kore za su koɗe a wayoyin mutane.

Sannan ka rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto tun kana tunawa: lambar jirgi, samfurinsa, irin fentin, wuri, da kwanan wata. Masu waɗannan kawuna sukan sauya musu riga bayan 'yan shekaru, wanda ka ɗauka da kore bana kana iya tarar da shi da shuɗi da wata lamba idan ka koma.